Wai Ni Ba Kowan Takwara Ba Ne

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku daga wahalar baƙunta, Ya sa albarka a abin da kake nema, Ya kuma juyo da hankalinka gida. Mu nan mun gode Allah. Gwiwata ta hagu ce dai har yanzu take yi mini gardama, idan na durƙusa gaban keke sai na dafa bango kafin in miƙe. Gwaggonka ta kwanta asibiti saboda hawan jini, an sallame ta, ta koma gida ta ci gaba da faɗa da jikokinta, ka ga ta warke ke nan. Ƙanwarka ta sauka lafiya, namiji ne, na je na gan shi, kunnuwan ubansa ya kwaso gaba ɗaya, Allah Ya raya shi a haka. Tela ne yake rubuta mini wannan, ka san shi, wanda yake ɗinka maka kayan makaranta, yanzu kansa ya fi nawa fari. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, kuma zan kai wa wani ya karanta mini in ji ko ya rage wani abu.

Maganar 'yarka Takwara ce ta sa na zaunar da shi. Na san ta gaya maka wani abu a waya, amma yarinyar nan ba ta iya kai ƙara ba, rabin magana take faɗa ta haɗiye rabi, kamar dai mahaifiyarka da ta ci sunanta. To ga cikakkiyar. An hana ta shiga gasar gudu ta makarantu ta bana, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe a sakandare, ba ta da wata baɗi. A wannan gasa ce mutanen manyan makarantu suke zuwa su zauna a rumfa, su zaɓi yaran da suka yi fice su ba su gurbin karatu har da wurin kwana. Bara ta zo ta biyu a dogon zango, wadda ta riga ta kuwa ta gama makaranta ta tafi. Duk wanda ya san gudu a garin nan ya san bana tata ce. Ita kuma ba ta hango wata ƙofa sai wannan, don ta san abin da shagon gyaran keke yake kawowa, ta kuma san kai ma kana da bakuna a can.

Ba za ka san yadda ta kai nan ba, tunda ba ka nan. Kai dai ka aje ta a hannun mahaifiyarka tana tatata, bayan uwarta ta rasu, ka ce shekara biyu za ka yi ka dawo. Ban ƙirga maka ba, kai ka ƙirga. Da mahaifiyarka ta bi surukarta, daga ni sai ita a ɗaki. Ni na koyi yi mata kalaba da hannun da ya saba da sifana, har maƙwabciya ta ji tausayinta ta karɓe ni. Gudun kuma tun a aike ya fara. Sai in aike ta sayen gam ɗin faci, kafin in gama cire taya ta dawo tana haki, har yaran layi suka sa mata suna Babur. Da ta shiga sakandare aka ce tana da ƙafa, ban yi musu ba, Tela ya ɗinka mata dogon wando da riga mai hannu, ni kuma na gyara tsohon kekena. Da an idar da sallar asuba sai mu fita, ita a gaba ni a baya, mu bi titin bayan kamfanin sabulu har gadar jirgin ƙasa mu juyo. Da farko danna birki nake ta yi don kada in take mata dunduniya. Daga baya na daina taɓa birki. Bara kuwa sai da na sauya wa keken sarƙa, duk da haka idan muka zo hawan gada sai ta bar ni, ta tsaya a sama hannu a ƙugu tana jirana, wai tsoho ya ƙare, a sayar da keken a saya masa sanda.

Ka ji labarin gidan da muke haya. Mai gidan ya rasu, 'ya'yansa ba su bari ƙasar kabarinsa ta bushe ba suka sayar, wanda ya saya ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna. Gidan da aka haife ka, gidan da aka wanke mahaifiyarka. Na aiko maka da saƙo a lokacin, ka ce in yi haƙuri. Na yi. Na samu ɗaki biyu a ƙetaren gada, bayan kasuwar katako, inda injin yankan katako yake fara kuka tun hantsi, garin katako kuma har cikin randar ruwa. Na kafa rumfar gyarana a bakin titi ƙarƙashin wata bishiya. Daga nan zuwa tsohuwar makarantar Takwara mota biyu ce, ta fita da duhu ta dawo da duhu, ga wata makarantar kuwa nan bayanmu, idan an kaɗa ƙararrawa muna ji daga tsakar gida. Wane mai hankali ne ba zai mayar da yarinya ta kusa ba? Na mayar da ita. Babu wanda ya ce mini komai. Shugaban waccan ya sa hannu, shugaban wannan ya sa hannu, kowa yana yi mini murmushi.

Ba zan ɓoye maka ba, ban yi baƙin cikin rabuwa da waccan makarantar ba, saboda malamin wasanninsu, wani mai tumbi da yara suke kira Mai Usur, don ko banɗaki zai shiga da usur ɗinsa a wuya. Mutumin nan ya taɓa tare ni a bakin fili, gaban yara, ya ce in daina bin yarinya da keke ina ɓata mata taku, wai abin da ya gina a mako ina rushewa da asuba, kuma filin makaranta ba wurin zaman tsofaffi ba ne. Ni da na haifi sa'ansa. Na aje maganar a raina. A sabuwar makarantar kuwa malamin nasu yaro ne mai ladabi, Koci suke ce masa, sai ya cire hular rana idan zai gaishe ni. Ya ga gudunta sau ɗaya ya riƙe baki. Filinsu a share yake, an ja layuka da farin fenti, har benci ya sa aka kawo mini a inuwa. Takwara ta ƙara sauri a hannunsa, wannan ko maƙiyi ya gani.

Ana cikin haka sai ga Koci a rumfata da rana tsaka, fuska ba daɗi. Ya ce sun aika da sunayen yaransu ga kwamitin wasannin makarantu, an dawo da na Takwara. Wai akwai doka, yaron da ya sauya makaranta ba ya shiga gasa sai ya cika shekara guda a sabuwar, don kada makarantu su riƙa sace wa juna yara masu ƙafa. Sai fa idan iyayen yaron ne suka tashi daga unguwa zuwa unguwa, to wannan ba laifi. Na ce ai shi ke nan, mun tashi, ga gidan can ma an rushe, kowa ya je ya gani. Ya ce haka ne, amma za su so su gan ni. Ya zauna a kan bencin masu jiran faci yana ta ja mini kunne, wai idan mun je in faɗi abu biyu kawai, an sayar da gida, makaranta ta yi nisa, in ja bakina in yi shiru. Har sau nawa ya maimaita, kamar mai koya wa yaro karatu. Na ce masa na yi magana a gaban manya tun ba a haife shi ba.

Ranar muka je mu uku. Na sa farar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na wanke baƙin mai daga farce har fata ta yi ja. Ofishin a saman bene yake, matakala ta kusa kashe mini gwiwa. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka guda tana juyi kamar ba ta so, an jera kofunan gasa a cikin gilashi duk sun yi ƙura. Mutum uku ne a zaune, shugabarsu mace ce mai tabarau, sai wani mai tauna murfin biro, sai sakatare. Shugabar ta gaishe ni da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, har ta sa aka kawo mini ruwa. Ta tambayi ko ni wane ne a wurin yarinyar, na ce kakanta. Ta tambayi uwar, na ce ta rasu. Ta tambayi uban, na ce yana can wata ƙasa yana nema. Ta ce shi uban ya tashi daga inda yake, na ce ina zai tashi, ai ko gida bai taso ba. Sai ta ce to ko ina da takardar kotu da ta ba ni riƙon yarinyar, don dokarsu iyaye ta sani, ko wanda alƙali ya naɗa a madadinsu.

Ɗana, na tsufa ban taɓa jin magana mai ciwo irin wannan ba, kuma cikin ladabi aka faɗa mini ita. Na ce mata wane alƙali ne zai ba ni jinina. Na ce lokacin da ƙyanda ta kwantar da yarinyar nan alƙali ne ya goya ta zuwa asibiti, ko kuwa shi ne yake tashi ya ɗumama mata ruwan wanka. Mai tauna biro ya ce ba wanda ya musa wannan, amma a rubuce ni ba uba ba ne, ba kuma mai riƙo ba ne, saboda haka tashina ba tashin iyaye ba ne. Wato a wurinsu ni ba kowanta ba ne, wani tsoho ne da take kwana a gidansa. Takwara tana gefena ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Shugabar ta juya takardu, sannan ta tambaye ni, ban da nisa, ko akwai wani dalili da ya sa na zaɓi wannan makarantar. Na ji Koci ya taka mini ƙafa. Amma tambayata aka yi, kuma raina ya riga ya ɓaci. Na ce akwai. Na ce waccan malaminsu bai san darajar ƙafar da Allah Ya ba shi ba, bai kuma san darajar furfura ba, wannan kuwa suna da fili mai kyau da malamin da ya san aikinsa, kuma ko da ba a sayar da gidan ba da na so in raba ta da Mai Usur. Na ga sakatare yana ta rubutu, har na ji sanyi a raina, na ɗauka maganar ta shige su.

Ba su daɗe ba suka kira mu suka ce ba za ta yi gudu bana ba. A kan matakala Koci ya manta da ladabinsa. Ya ce matar nan ƙofa take nema mana, don dokar ta ba su ikon yin sassauci ga wanda larura ta tilasta wa sauyi, abin da take so kawai in ce babu wani dalili, ni kuma na buɗe baki na faɗa musu da kaina cewa saboda wasa aka sauya, wato ainihin abin da aka kafa dokar don hanawa. Na ce masa to da ƙarya yake so in yi da furfurata a gaban jikata? Idan ƙofar ta gaskiya ce me ya sa sai mai ƙarya ne zai iya shiga? Idan matar tana son taimakonmu me ya sa ta yi tambayar? Sai ya sa hularsa ya sauka. Tela ma yanzu ya ɗaga kai yana kallona, ra'ayinsu ɗaya, na ce ya ci gaba da rubutu. Gwaggonka ta ce bakina ne ya ja, ƙanwarka ta ce haka. Kowa ya sami tsoho ya ɗora masa. Ba wanda ya ce laifin wanda ya rubuta dokar da ba ta san kaka ba ne, ba kuma wanda ya ce laifin uban da ba ya nan ne. Takwara ita kaɗai ba ta ɗora mini ba. Da muka sauko ta ce in jira a inuwa ta tsayar mana da mota, gwiwata ta sha wuya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai kuma shawararka ta iso, ba ta hannuna ba, ta bakin yarinya. Wai ka ce ta koma gidan innarta, ƙanwar marigayiya uwarta, tunda tana zaune a tsohuwar unguwa, a mayar da ita tsohuwar makarantarta ta yi gudunta a can. Ka san abin da ke tsakanina da matar nan. Ita ce ta zo bayan rasuwar mahaifiyarka ta ce namiji ba ya riƙon 'ya mace, ta tara mini mutane, har ta ce yarinya za ta tashi tana warin man keke. Na rantse ba zan ƙara taka gidanta ba. To na taka. Ka sa a ranka cewa ubanka ya je ya yi sallama a ƙofar matar nan, aka bar shi tsaye har ƙafa ta yi sanyi, aka shigar da shi falo ya zauna a bakin kujera kamar mai neman aiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ai ita ta san za a zo nan, tun tuni ta faɗa. Na haɗiye. Ta ce ɗaki yana nan, yarinya 'yarta ce. Na yi godiya, ni, na yi mata godiya. Washegari na hau benen nan na gaya wa sakatare za mu mayar da ita inda ta fito. Ko kai bai ɗaga ba ya ce komawa ma sauyi ne, na biyu ke nan, shekarar za ta fara ƙirguwa daga farko. Ka ga na zubar da mutuncina a falon matar nan a banza, ita kuma har yau tana aikowa a tambaya yaushe za a kawo kayan yarinya.

Kotun ma na je, kada ka ce girman kai ya hana ni. Na zauna a dogon benci tsakanin wani da ake ƙara kan iyakar fili da wata da mijinta ya gudu, ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba sai kai gyaran keke. Da layi ya zo kaina wani ma'aikaci ya ce ana iya yi, amma sai da yardar uban a rubuce da rantsuwa, kuma abu ne na watanni. Na koma wurin sakatare da wannan, ya ce ko an ba ni yau ba za ta yi amfani ba, don takardar da aka yi bayan an tashi ba ta komawa baya ta gyara tashin. Duk ƙofar da na tura sai in tarar an riga an sa mata sakata ta ciki, kuma duk wanda na tarar a bakin ƙofar mutumin kirki ne, sai ya ce Baba yi haƙuri, ba ni ba ne, doka ce. Na ce a nuna mini inda ita dokar take zaune in je in same ta, suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake.

Yarinyar tana nan tana zuwa makaranta, tana cin abinci, tana share ɗaki. Amma da asuba ba ta tashina, ni ma ba na tashinta, kowa yana jin motsin kowa ta bayan bango. Koci ya bar ta tana motsa jiki da sauran yara da yamma, wannan doka ba ta hana ba. Makon jiya aka yi ƙaramar gasa ta share fage a filinsu. Ban gaya mata zan je ba, na rufe rumfa na tsaya ta bayan shingen waya. Sun ba ta agogon auna gudu ta riƙe. Tana tsaye a bakin layi da kayan makaranta, tana danna wa wata yarinya agogo, yarinyar da Takwara za ta ba ta rabin fili ta kamo ta tana dariya. Da yarinyar ta iso ta farko, 'yarka ce ta fara rungume ta, ta miƙa mata ruwa. Mai Usur yana can gefe da nasa yaran, ya hango ni ya ɗaga mini hannu. Na juya na tafi. Da ta dawo ta ce mini an yi wasa lafiya, na ce madalla, ba ta san na gani ba.

Yanzu abin da ya rage ɗaya ne, shi ya sa na ce a rubuta maka. Akwai wani kwamiti sama da wannan da ake ɗaukaka ƙara, za su zauna ƙarshen watan gobe, daga nan a rufe sunaye. Ni ba za su saurare ni ba, an riga an gaya mini matsayina. Uba suke so, da kansa, a tsaye a gabansu, ba a waya ba, ba a takarda ba. Su ji daga bakinsa cewa shi ne ya damƙa yarinyar a hannun kakanta tun tana ƙarama, ba shi da gida a nan sai gidan kakan, saboda haka tashin kakan tashinsa ne. Na tambayi Koci ko hakan zai yi, ya ce shi ba zai yaudare ni ba, abin da na faɗa yana nan a rubuce, da wuya su juya, amma idan ba ka zo ba ko zama ba za a yi ba. Tela ya ce kada a sa wannan, wai idan ka ji da wuya ba za ka taso ba. Na ce ya sa. Ban yi wa baƙi ƙarya ba, ba zan yi wa ɗana ba.

Na san abin da za ka ce, don na sha ji. Wurin aiki ba za su ba da hutu ba, idan ka fito takardunka za su lalace, hanya ta yi tsada, yara suna makaranta. Duk gaskiya ne, ban ce ƙarya kake ba. Haka ka ce lokacin da mahaifiyarka take kwance tana kallon ƙofa, ka iso an share makoki. Ban taɓa roƙonka komai don kaina ba, ko da aka fitar mini da kaya titi ban ce ka zo ba. Wannan ma ba don ni ba ne. Kuma kada ka aiko da takalmin gudu, na ji ka ce za ka aiko. Tana da takalmi, wurin sa shi ne aka hana ta.

Ka gaishe mini da matarka, surukar da ban taɓa ji ta gaishe ni baki da baki ba, ka ce na gode da hular sanyin da ta aiko, ta yi mini yawa amma ina sawa. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Gajera da Auta, ka nuna musu hotona ka ce wannan mai ɗaure fuskar kakansu ne, ba ya cizo. Ka gaishe da kawunka da ya ja ka zuwa can, ka ce masa ina nan ban mutu ba, kuma ban manta ba. Gwaggonka tana gaishe ku, ta ce maganin ƙafar ya ƙare. Ƙanwarka da mijinta suna gaisuwa. Tela yana gaisuwa, ya ce hannunsa ya gaji, kuma bai taɓa rubuta wa mutum mai taurin kai irina ba.

Takwara ba ta san da wannan takarda ba, ba ta kuma san akwai sauran zama ba, na hana Koci ya gaya mata, don ba na so ta fara sauraren tsayuwar mota a ƙofar gida. Idan za ka zo, ka zo kawai, ta gan ka. Idan ba za ka zo ba, kada ka kira ta ka ba ta haƙuri, za ta ce maka ba komai, kai kuma ka yarda. Ka bar maganar tsakanina da kai. Idan watan ya wuce ban gan ka ba na gane, zan san yadda zan zauna da ita.

Allah Ya yi maka albarka, Ya shirya maka zuriya, Ya sa mu gana kafin a rufe mini ido. Wassalam.

Ni ne mahaifinka.